Yinin Aiki a Matsayin Ma'auni: Sharhi a kan Lissafin Ƙwadago a Furojen Keita

1. Gabatarwa

Duk wanda ya karanta rahotannin ayyukan raya karkara da aka gudanar a Adar-Dutsi-Majiya zai ci karo da wata kalma da ake yawan maimaitawa, wato « homme-jour », wadda muka fassara da yinin aiki: mutum guda, yini guda. Da wannan ma'auni ake ƙidaya gudummawar talakawa, da shi kuma ake mayar da ita kuɗi. A cikin wannan maƙala za mu duba shi ta hanyar misalin furojen Keita, tare da waiwayen kwarin Majiya a gundumar Buza da kwarin Tarka a gundumar Madawa. Ra'ayin da muke son karewa shi ne: yinin aiki yana nuna abin da aka kashe a kan ma'aikaci, amma rahotannin suna gabatar da shi tamkar shi ne darajar aikin da ya yi.

2. Abin da rahotannin suka ƙidaya

An soma furojen Keita a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, PAM kuma tana ba da cimakar da ake raba wa ma'aikata a madadin lada. Daga 1991 aka faɗaɗa shi zuwa Buza da Abalak. Alƙaluman da aka bayar na kimanin shekara ashirin sun nuna an farfaɗo da ƙasa wajen hekta 34,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, ban da madatsun ruwa da rijiyoyi da hanyoyi. A ɓangaren ƙwadago kuwa, an raba rabon cimaka wajen miliyan 12, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa a kan dalar Amurka miliyan 17.

Idan muka raba 17 da 12, yinin aiki guda zai tashi a kan dala 1.4 ke nan. Ga mai riƙe da littafin kuɗi wannan adadi daidai ne, kuma ba mu ƙi shi ba, domin dole furoje ya san abin da ya kashe. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka ɗauki adadin aka ce ga abin da jama'a suka zuba.

3. Giɓi uku a cikin ma'aunin

Na farko, farashin bai fito daga aikin ba. An buɗe wuraren aiki ne a tsakiyar farin 1984, a shekarun yunwar da aka yi wa laƙabi da El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya. Magidanta da yawa sun tafi cin rani, mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a kan fako kuwa mata ne, duk da cewa kalmar Faransancin namiji ta ambata. Macen da rumbunta ya ƙare ba ta ciniki a kan lada. Benedetta Rossi, a littafinta From Slavery to Aid na 2015, ta sanya wannan ƙwadago cikin dogon tarihin Adar, tun daga bauta zuwa aikin tilas na zamanin Faransa da aka soke a 1946, har zuwa zamanin furoje. Abin da mu muke ƙarawa na lissafi ne. A watan Janairun 1994 aka karya darajar Sefa da rabi, cimakar da ake ƙiyastawa da dala ta ninka a kuɗin gida. Bisa ma'aunin, darajar yinin mace a Keita ta ninka cikin dare guda, alhali dutsen da take ɗauka bai ƙaru ba.

Na biyu, ma'aunin yana daidaita hannuwan da ba daidai suke ba. Jeren duwatsun da aka bi gangaren ƙasa wajen shimfiɗa shi yana tare ruwa shekaru da dama. Wanda aka jera da ka, damina guda tana iya tsinka shi. Dukansu yini guda suka ci a rajista. Mai garkar albasa a kwarin Tarka bai yarda da irin wannan lissafi ba: ya san ɗan baremar da dashensa ke kamawa, kuma shi yake fara nema idan lokacin dashe ya zo. Ilimin da manomi ke aiki da shi kullum, rahoton furoje ba shi da gurbin rubuta shi.

Na uku, tafiyar da ma'aikata ba ta bayyana ko kaɗan. Wa ya zaɓi masu shiga aiki idan mabuƙata sun fi guraben yawa? Yaya shugaban wurin aiki ya raba ƙungiyoyi? Cimaka ta iso a kan kari, ko an jira ta? Kowace daga cikin waɗannan tana taɓa ingancin abin da aka gina. Misalin Majiya ya isa hujja. Daga 1975 ƙungiyar CARE ta soma dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska, binciken da aka yi daga baya kuma ya sami ƙarin amfanin hatsi tsakanin kashi 15 da 23 cikin 100 a gonakin da ke tsakanin layukan. Amma dashen ba zai kai ga haka ba in ban da masu gadin da aka ɗauka su tsare shi daga bisashe yana ƙarami. Shawarar ɗaukar mai gadi shawara ce ta tafiyar da ma'aikata. Ribarta tana cikin itacen da awaki ba su ci ba, kuma yinin aiki ba ya ganin wannan.

4. Shin dabarun waje za su cike giɓin?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin R. G. Barry na jihar Ohayo a Amurka ya gwada rubuta kuɗin ɗauka da horar da manajojinsa a matsayin jari, bayan ƴan shekaru ya daina. Eric Flamholtz ya fitar da littafi a kan fannin a 1974. A farkon shekarun 1980 Frank Schmidt da John Hunter suka ba da ƙiyasin cewa tazarar da ke tsakanin matsakaicin ma'aikaci da nagari ta kai wajen kashi 40 cikin 100 na albashi.

Wannan dabara ta ƙarshe ta ginu ne a kan zaton albashi yana bin darajar aiki. A inda ladan rabon cimaka ne na lokacin yunwa, zaton ya rushe: kashi 40 na dala 1.4 bai kai santi 60 ba, kuma babu mai hankalin da zai ce wannan ce tazarar jeren da ya tsaya da wanda ruwa ya tafi da shi. Daga Flamholtz dai akwai abin ɗauka, wato kuɗin maye gurbi: nawa za a kashe kafin a sake horar da macen da ta iya auna gangare, ko magini mai ɗaura duwatsu cikin ragar waya?

5. Kammalawa

Ba mu ce a jefar da yinin aiki ba. A bar shi a shafin kashe kuɗi, inda ya dace. A shafin daraja muna ba da shawarar abubuwa uku. A koma wuraren aiki bayan damina biyar ko goma a ƙidaya itacen da ya rayu da jeren da ya tsaya, a danganta su da ƙungiyar da ta yi su. A kwatanta rabon cimaka da abin da mutum zai samu a barema ko cin rani a wannan shekarar. A kuma rubuta maza da mata dabam, tare da kwanakin jiran lada.

Aikin yana da gaggawa ga ɗalibanmu masu neman jigon bincike, domin matan da suka yi aiki a 1984 sun manyanta, kuma su ne suka san wane tudu wace ƙungiya ta jera. Tun bayan yunwar 2005 biyan lada da tsabar kuɗi ya yaɗu a irin waɗannan ayyuka a Nijar. Idan aka sauya buhu da takardar Sefa, ma'aunin kuma bai sauya ba, giɓin nan uku suna nan yadda suke.