Wasiƙun Janar Washinton: Abin da Aka Goge da Abin da Aka Bari

Mutum ya kan yi ado in zai fita bainar jama'a, amma in ana so a san halinsa sai a dubi takardun da ya aika wa wakilin gonarsa da wanda ke binsa bashi. Abin da ya yi ta faɗo mana a rai ke nan sa'ad da muke karatun wasiƙun Joji Washinton, watau Sarkin Yaƙin da ya ja rundunar Amurka daga 1775 zuwa 1783 har suka fita daga hannun Ingila, kana ya zama shugaban ƙasarsu na fari daga 1789 zuwa 1797. Shi ba mawallafi ba ne, ba kuwa mai fasahar baki ba. Ubansa ya rasu a 1743 yana ɗan shekara 11, saboda haka bai sami zuwa makaranta a Ingila ba kamar yayyensa, sai ya shiga aikin awon ƙasa, watau safiyo, tun yana saurayi. Abin da ya bari takardu ne dubu bisa dubu, na yaƙi, da na mulki, da na gida, da na ciniki.

Kafin mu taɓa wasiƙun kansu, tilas mu yi maganar hannuwan da suka bi ta kansu. Wani malami mai suna Jared Sparks ne ya fara tara su, ya buga su juzu'i 12, ya gama a 1837. Ya yi wahala ƙwarai, ba mai hana masa wannan. Amma ya ɗauki alƙalami ya shiga yi wa Janar gyara. Inda Washinton ya kira Janar Putnam da laƙabin wasa irin na soja, sai Sparks ya mayar masa da cikakken muƙaminsa. Inda ya kwatanta wasu kuɗi da cizon ƙuma don ƙanƙantarsu, sai ya share ƙumar ya sa magana mai nauyi irin ta majalisa. Da wani marubucin tarihi na Ingila, Lord Mahon, da waɗansu suka tuhume shi, ya buga amsa a 1852, ya ce wani sashe na bambancin ya zo ne daga cewa kwafin da ke cikin kundin Janar ba kullum ya yi daidai da takardar da aka aika ba. Akwai gaskiya a nan, gama shi Washinton da kansa, da ya manyanta, ya koma kan wasiƙun ƙuruciyarsa yana gyaggyara su. Duk da haka uzurin bai wanke Sparks sarai ba. Mu da muke wuni da jar tawada bisa littattafan yara mun san daɗin gyara, mun kuwa san haɗarinsa. Yaro ana gyara masa ne don gobe ya yi daidai. Mamaci kuwa ba shi da gobe, in ka gyara maganarsa ka sa masa abin da bai faɗa ba ne a baki. Sai da John C. Fitzpatrick ya fito da nasa bugu, juzu'i 39, tsakanin 1931 da 1944, kana Jami'ar Birjiniya ta ɗauki aikin daga ƙarshen shekarun 1960 tana haɗawa har da wasiƙun da aka aiko masa, sa'an nan mai karatu ya sami mutumin da kurakuransa.

Wasiƙun yaƙi su aka fi yabo, amma a ganinmu sai an yi hattara da su. Da yawa daga cikinsu magatakarda ne suka tsara, irin su Alexander Hamilton da Tench Tilghman, shi ya duba ya sa hannu. Inda ka ga magana ta zuba sumul, watakila hannun Hamilton ne. Nasa salon tafiyar raƙumi ne da kaya: jimla doguwa, ta yi nan ta yi can, tana jan sharaɗi bisa sharaɗi kafin ta durƙusa. Amma in ransa ya ɓaci sai maganar ta miƙe. Dubi takardar da ya aika wa shugaban Majalisa daga sansanin Valley Forge ran 23 ga Disamba 1777. Bai ce sojansa na shan wuya kawai ba, sai ya ƙidaya su: mutum 2,898 ba su iya fita aiki domin ba takalma ba sutura, ga ƙanƙara. Kana ya juya kan masu sukarsa, ya nuna musu bambancin mai rubuta ƙorafi a ɗaki gefen wuta da mai kwana bisa tudu cikin sanyi ba bargo. Mai awon ƙasa ne ke magana nan, wanda ya san adadi ya fi kuka shiga kunne.

Haka kuma amsar da ya ba Kanar Lewis Nicola ran 22 ga Mayu 1782, da wannan ya kawo shawarar a ba shi sarauta. Gajeruwa ce, ba ado, ya ƙi da tsawa. Amma ku lura, ya sa magatakardansa biyu sun yi shaida bisa kwafin. Watau ya san za a zo a karanta bayansa. Shi ne kuma ya ɗauki Richard Varick a 1781 ya kwafe takardun yaƙin cikin manyan kundaye 44. Wanda ya yi wannan tanadi ba a ce ya rubuta cikin gafala ba.

Na gida kuwa sun yi ƙaranci inda aka fi bukatarsu. Matarsa Marta ta ƙone wasiƙun da ke tsakaninsu kafin ta rasu a 1802, sai 'yan ƙalilan suka tsira, ciki har da biyu na watan Yuni 1775 da aka tsinta a cikin teburinta. A ta farin yana gaya mata an ɗora masa shugabancin runduna, yana rantsuwa bai nema ba. Ba mu ga laifinta ba, sirrinta ne.

To, ina za mu sami mutumin ba rawani ba alkyabba? Sai a wasiƙun ciniki, waɗanda mai gaggawa ya kan tsallake. Shekara da shekaru yana aika tabarsa wurin 'yan kasuwar Landan, Robert Cary da abokansa, su sayar, su saya masa kaya su aiko. Takardunsa gare su cike suke da ƙorafi: taba ba ta yi kuɗi ba, kayan da aka aiko marasa kyau ne ko tsohon yayi, ga tsada. A 1764 aka gaya masa bashin da ke kansa ya haura fam 1,800. Daga nan ya fara barin taba yana komawa noman alkama. Wanda ya karanta waɗannan ba zai yi mamakin ganinsa gaban runduna bayan shekara 11 ba, domin ya ɗanɗani zama ƙarƙashin mai yanka maka farashin saye da na sayarwa duka. Yana shugaban ƙasa ma bai fasa rubuta wa mai kula da gandunsa na Mount Vernon dogayen takardu mako-mako ba, kan taki, da shinge, da wace gona za a huta. A 1781, da wani jirgin yaƙin Ingila ya tsaya a kogin Potomac gaban gidan, danginsa Lund Washinton ya kai musu abinci don kada su ƙone shi. Janar ya rubuto masa cewa da sun ƙone gidan da ya fi masa sauƙi bisa ga wannan abin kunya. A 1784 kuwa, yana neman kafinta da magini, ya ce in dai sun iya aiki bai damu ba ko Musulmi ne, ko Yahudu, ko Kirista, ko marasa addini.

Amma fa a cikin waɗannan takardu ne abin da ya fi nauyi yake. Ran 2 ga Yuli 1766 ya rubuta wa wani kyaftin ɗin jirgi ya tafi da bawansa Tom tsibiran Indiya ta Yamma ya sayar, ya sayo masa maɗin rake, da barasa, da lemun tsami, da tsamiya. Ya ce a bar shi cikin ankwa har jirgi ya shiga teku. Da irin muryar da yake lissafin garwar taba ya rubuta wannan, ba ta sauya ko kaɗan ba, abin da ya sa ta fi ciwo ke nan. Bayan shekara 20, a 1786, ya rubuta wa Robert Morris cewa yana fatan a kawar da bauta ta hanyar doka. Sai mu ce mutum ya sake. Amma ga 1796: wata kuyangar matarsa, Ona Judge, ta gudu daga Filadalfiya zuwa Portsmouth, sai ga Shugaban Ƙasa yana rubuta wa ma'ajin gwamnati da shugaban kwastan na can a asirce a komo da ita. Da ta aiko cewa za ta komo in an yi mata alkawarin 'yanci nan gaba, ya ƙi, ya ce saka wa mai gudu da 'yanci zai ɓata zukatan sauran. Ba ta komo ba, can ta zauna har ta rasu a 1848.

Ba mu kawo wannan don mu rushe abin da ya gina ba, ba kuwa za mu yarda a ɓoye shi don a tsare masa girma ba. Hannun da ya ture sarauta a 1782 shi ne ya bi sawun kuyanga a 1796, duk littafin zaɓaɓɓun wasiƙu da ya ba ka ɗaya ya hana ka ɗaya ya maimaita laifin Sparks ne, ko da bai taɓa harafi guda ba. Shawararmu ga malamai 'yan'uwanmu, in za a karanta wa manyan yara takardar Nicola, a haɗa musu da ta Tom a darasi guda, kana a biyo da wasiyyar da ya rubuta da hannunsa a watan Yuli 1799, wata biyar kafin rasuwarsa. A shekarar nan bayi 317 ke Mount Vernon. Guda 123 ne nasa na kansa, su ya yi wasiyya a 'yanta bayan ran matarsa, ita kuwa ta sake su ran 1 ga Janairu 1801. Mafi yawan sauran na gādon mijinta na fari ne, doka ba ta ba shi ikon 'yanta su ba, aka raba su ga jikokinta bayan ta rasu.