Mutumin Jamaika da Al'amuran Daura

Duk lokacin da aka zauna hirar littattafan da aka rubuta a kan Daura, da wuya a tashi ba a ambaci "The Affairs of Daura" na M.G. Smith ba, wanda aka buga a Amurka a 1978. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka marubucin ɗan Ingila ne, irin Turawan da suka biyo sawun mulkin mallaka. To, ba haka ba ne. A birnin Kingston na tsibirin Jamaika aka haife shi a 1921, kuma shi ne mijin Mary Smith, wadda ta rubuta labarin Baba ta Karo. A ganinmu wannan asali nasa shi ne mabuɗin littafin.

Mai karatu ya lura da shekarun. Tarihin da ke cikin littafin ya tashi daga 1800 ya tsaya a 1958. A wannan shekara ta 1958 ne tsibirai goma na yankin Karebiyan da ke ƙarƙashin Ingila suka ƙulla tarayya, da niyyar karɓar mulkin kai a matsayin ƙasa guda. Ba ta yi ƙarko ba. Jamaika ta ga kamar ita za a bar wa ɗawainiyar ƙananan tsibirai, sai ta yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 ta fice. Eric Williams na Tirinidad ya yi lissafinsa na cewa in an cire ɗaya daga goma sifiri ke saura, shi ma ya janye. Kafin tsakiyar 1962 an shafa fatiha.

Wato mutumin da gidansu ke wannan hali shi ne ya zo ya tarar da labarin Daura, labarin gida ɗaya da ya rabu uku. Bayan da Malam Isiyaku ya ci birnin a zamanin jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fita, danginsa kuma suka kafa sarauta a Zango da Baure. Aka wayi gari da sarakuna uku, kowa na jin shi ne Daura: na birni yana bin Sakkwato, na waje sun shiga inuwar Damagaram. Sai a 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango suka ɗora shi a birni, alhali iyakar da suka ja da Faransa ta riga ta bar wani yanki na tsohuwar ƙasar a Nijar ta yau.

A nan ƙarfin littafin yake, kuma ba za mu rage masa komai ba. Smith ya bi sarautu ɗaya bayan ɗaya, Galadima da Ƙaura da Magajiya da sauransu, yana nuna yadda kowace ta sauya bayan rabuwa, wa ya sami iko, wa ya rasa. Haƙurinsa abin koyi ne ga marubucinmu da ke jin labari sau ɗaya a bakin dattijo ɗaya ya ruga maɗaba'a. Sai dai Turancin nasa da tauri, ko mai digiri sai ya yi da gaske.

Inda muka saɓa da shi kuwa shi ne ma'aunin da ya riƙe. A littafinsa na 1965 a kan tsibiran nasu, ya tafi a kan cewa jama'ar can ƙungiya-ƙungiya ce, kowace da al'adarta, ba abin da ya riƙe su wuri ɗaya sai ƙarfin mai mulki. Wanda ya saba duban duniya ta wannan taga, fada zai fi gani. Shi ya sa a shafukansa na Daura talaka ya fi fitowa in za a karɓi haraji ko za a fita yaƙi. Amma duk tsawon shekaru ɗarin nan na gaba, da wane harshe ake ciniki tsakanin Zango da birni? Wa ya hana maroƙi ko almajiri ko amarya ƙetare iyakar sarakunan nan uku? Ko tatsuniyar Bayajida da kanta, da ta raba wa 'ya'yan Bawo aiki, Kano da Rano rini, Daura da Katsina kasuwa, Gobir yaƙi, ai tsarin tarayya ne aka adana a bakin tsofaffi, ko da sarakunan ba su bi shi ba.

Abin sha'awa, daga gida aka fara ba shi wannan amsa. Kamau Brathwaite na Barbados ya nuna a littafinsa na 1971 cewa bawa da ubangijinsa, duk da zaluncin da ke tsakani, sun cuɗu har sun haifar da sabon harshe da sabon kiɗa. Tarihi ma ya ɗan goya masa baya. Tun kafin 'yan siyasa su zauna, wani shirin BBC mai suna "Caribbean Voices", daga 1943 zuwa 1958, ya riga ya sa marubucin Tirinidad yana jin muryar na Barbados. George Lamming da Sam Selvon da Derek Walcott duk sun bi ta nan. Tarayya ta mutu, amma jami'arsu guda da ƙungiyar kurket ɗinsu guda suka ci gaba, har gwamnatocin suka dawo suka kafa CARICOM a 1973, domin tsibiri mai mutum dubu ɗari ba shi da bakin magana shi kaɗai a kasuwar duniya.

Giɓin da Smith ya bari namu ne, mu da muka ji harshen tun a goye. Ya gaya mana wanda ya hau da wanda ya sauka a 1906. Abin da muke so mu karanta shi ne labarin tsohuwar da aka haifa a Zango, ta biyo ayarin Malam Musa ta shigo birnin da ba ta taɓa gani ba sai a waƙar kakarta, ta je ɗibar ruwa Kusugu, ta tarar da jikar waɗanda suka kore su tana riƙe da guga.