Babbar Waya Bayan Shekara Uku: Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Ranar da mutum ya sayo babbar waya, kowa a majalisa sai ya karɓa ya jujjuya, a sa albarka. Ba a cika tambayar yadda take bayan shekara uku ba. Mu da muka riƙe irin waɗannan wayoyi tun 2022, muna zirga-zirga da su tsakanin Zuma, Madalla da Abuja, mun ga ya kamata mu faɗi abin da muka gani. Dalili kuwa, matasanmu na zuba kuɗin adashi kacokan a kansu, wasu 'yan mata kuma sun fara neman a sa musu a lefe.

Mu fara da yabo, don ta cancanta. Kyamararta ba wasa. Mai sayar da atamfa ko takalma ta WhatsApp ya san amfanin hoton da ke fito da launi yadda yake, ba a dawo masa da kaya ana cewa "ai ba wannan na gani ba". Har yau ba ta maƙalewa idan ana tura kuɗi ta banki. Kamfanonin kuma suna daɗewa suna sabunta manhajarta: a 2024 Samsung ya yi alkawarin shekara bakwai ga S24. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da 6, waɗanda suka sayi tsofaffi don suna kawai suka wayi gari da kwalliyar aljihu.

To, sai batir. Duk batirin waya yana tsufa, zafi kuma yana ƙara masa saurin tsufa. Apple da kansa ya ce an ƙera wayoyinsa su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, kowa kuwa ya san watan Maris a Suleja. Ƙara da cajin janareta da na shagon mai caji idan an ɗauke wuta. Wayar da a da ke kai mu har isha, yanzu kafin la'asar ta fara neman agaji.

Gyara shi ne inda gizo ke saƙa. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kayan gyaran kuwa duk daga waje ake shigo da su. Da gilashin ɗayanmu ya fashe, sai da ya shiga Abuja, kuɗin da aka yanka masa kuma ya isa sayen sabuwar ƙaramar waya har da canji. Mai araha jabu ne, wata biyu ya fara zane. Ga data: a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, babbar waya kuwa akwai ci.

Sannan ga fargaba. A motar haya zuwa Abuja, da tsoron masu ƙwace da 'yan "wan cans", da yawanmu a aljihun ciki muke ɓoye ta, mu riƙa amsa kira da 'yar ƙarama mai madannai. Kun ji fa: mai tsadar na barci, mai arahar na aiki.

Hukuncinmu shi ne, wayar tana da kyau, amma kuɗinta ba ya ƙarewa ranar saye. Sabuwa ta haura naira miliyan ɗaya, wato albashin fiye da wata 14 ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kafin ka saya, tambayi kanka: za ta shigo min da kuɗi? Idan ta fashe gobe, zan iya gyara ta ba tare da cin bashi ba? Idan amsar e ce, saya, ka sa mata riga, ka daina barin ta a rana. Idan a'a ce, matsakaiciya ta ishe ka, ragowar kuɗin a ƙara a jari. Iyaye kuma, don Allah a cire ta daga lissafin lefe, samarinmu na fama da kuɗin haya.