Makaɗin da Ba Shi da Ubangida

Masu lura da al'amarin kiɗa a ƙasar Hausa su kan kasa makaɗa kashi-kashi. Akwai makaɗan fada, waɗanda kowannensu ya ke da sarkin da ya ke yi wa waƙa, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa ya zauna ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi kuwa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Abubakar na 3. Akwai makaɗan sana'a, waɗanda su ke bin masu wata sana'a ko wani wasa, irin su Ɗan Anace da ya yi suna wajen kiɗan 'yan dambe, da Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta. Sa'an nan ga kashi na uku, watau makaɗan jama'a, waɗanda ba su da ubangida guda. Irin wannan makaɗi ba shi da fadar da za a aiko masa da dami daga gare ta in kaka ta yi, ba kuwa wanda ya wajaba a kansa ya ɗinka masa rigar Salla. Abincinsa yana bakin fage. In ya gamsar da mutane ya ci, in ya kasa ya kwana da yunwa, shi da 'yan amshinsa.

Saboda haka maganar wanda za a gayyata wurin biki, da lokacin da za a ba shi ya yi wasa, da wanda za a ce shi ya fi, ba ƙaramar magana ba ce ga irin wannan mutum.

A garuruwan kudancin Kano, kamar Ƙofa ta ƙasar Bebeji, da ƙauyukan Kiru da Tudun Wada har zuwa Doguwa, babban fagen da makaɗan karkara su ke gwada kansu a dā shi ne na kalankuwa. Bayan an kai dawa rumbu, hannun manomi ya ɗan ji kuɗi, sai Sarkin Samari ya raba goron gayyata zuwa garuruwan maƙwabta. Samari su naɗa wa junansu muƙamai na wasa, wannan sarki, wancan alkali, wani kuma ɗan doka, a yi kwanaki ana sha'ani. Babu takardar da a ke rubuta sunayen masu wasa a kai, amma duk da haka akwai tsari, kowa kuwa ya san shi. Da hantsi masu gangar noma su ke fara juya fage, suna kaɗa wa kowane gwanin garma takensa, shi ko ya zabura ya yi kirari. Da la'asar kalangu ya karɓa, a yi dambe ko kokawa. In dare ya yi sai masu kukuma da masu garaya su fito. Ƙananan makaɗa su ne masu share fage, babba kuwa ba ya taɓa kayan kiɗansa sai taro ya cika ya batse.

Abin lura a wannan tsari shi ne, ba wani mutum guda ke ba makaɗi matsayinsa ba. Yaron da ya share fage bana, in ya riƙe mutane har mai tuwo-tuwo ta manta da cinikinta, baɗi ba wanda zai ce masa ya fito da hantsi. Wanda kuma ya yi suna shekarun baya, in muryarsa ta dushe ko azancinsa ya ƙare, zai ga mutane suna zarewa ɗai-ɗai suna komawa inda wani ke kiɗa a gefe. Wannan hukunci yana da zafi, gama a gaban idon mutum a ke yanke shi, ba a kuwa ɗaukaka ƙara.

Me taron ke aunawa? Da fari, ko makaɗi yana iya ƙaga waƙa nan take. Baƙo ya shigo fage, sanƙira ya raɗa wa makaɗi sunansa da na ubansa da garinsu, kafin baƙon ya sami wurin zama an riga an saka shi cikin waƙa, ba tare da kiɗa ya karye ba. Wannan ita ce baiwar da ta ɗaukaka Alhaji Mamman Shata bisa sauran makaɗan zamaninsa. Amshinsa gajere ne, sau da yawa bai wuce 'yan kalmomi ba, kalangai suna tafe a kan kari ɗaya, shi kuwa yana zuba magana a kai kamar mai hira. Wanda ya ce waƙar Shata ba ta da wuya don amshinta gajere ne, bai gane inda wuyar ta ke ba. Gajeren amshi ba ya ba mai waƙa wurin hutawa. Kafin ya ja numfashi 'yan amshi sun gama, dole ya kawo sabuwar magana.

Na biyu, taro yana auna Hausar mutum, watau yadda ya ke sarrafa habaici da zambo da karin magana, ya soki wanda ya ke nufi ba tare da ya kama suna ba. Na uku, ko yana da abin faɗi banda yabo. A nan ne Adamu Ɗan Maraya Jos ya yi fice. Shi kaɗai ya ke tsayawa, ba 'yan amshi, ba mabuga ganga, sai ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Da wannan ɗan abu ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba shi da sisin da zai ba maroƙi, ya kuma yi waƙoƙi a kan zaman aure da halin ɗan Adam. Ubansa makaɗin Sarkin Bukuru ne, amma shi jama'a ya bi, su kuma suka riƙe shi har ya rasu cikin 2015.

Kada dai mai karatu ya ɗauka hukuncin fage ba shi da aibi. Yana da shi, babba ma. Mai kuɗi guda yana iya karkatar da dare ɗungum. In ya shiga yi wa makaɗi kari, sanƙira yana shelar abin da ya bayar, sai waƙa ta tsaya a kansa, a yi ta maimaita sunansa har mutane su gaji. Makaɗa da yawa sun lalace ta wannan hanya, suka bar azanci suka koma lissafin sunayen masu kyauta. Har wa yau fage ya fi son mai ƙarar murya da ban dariya bisa mai sanyin waƙa. Mata masu kiɗan ƙwarya kuwa, yawancin wasansu a cikin gida ya ke, wurin biki ko suna, don haka ƙalilan ne irin su Barmani Choge ta Funtuwa suka sami fitowa har duniya ta san su.

Kalankuwa ta ja baya ƙwarai, dalilan kuwa ba ɗaya ba ne. Malamai sun daɗe suna sukar cuɗanyar maza da mata, da caca da shaye-shayen da kan biyo irin wannan taro, ba kuwa za a ce duk abin da suka faɗa babu gaskiya a ciki ba. Da Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a cikin 2000, ta kuma kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i cikin 2001, sai taron kiɗa na dare ya ƙara wuya. Akwai kuma wani dalili da ba a cika ambata ba. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a ƙasar Bebeji zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gama cikin 1974, ta kawo noman rani. Alheri ne babba, amma watannin da manomi ya kan huta a dā, waɗanda su ne lokacin wasa, yanzu ga masu fadama da masu bin ruwan kwata sun zama lokacin shinkafa da alkama da tumatir. Rediyo ma ta yi nata aikin. Tun da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki cikin 1962, daga baya kaset ya zo, mutumin ƙauye ya sami jin manyan makaɗa yana kwance a ɗakinsa, sai makaɗin garinsu ya zama ƙarami a kunnensa.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin cike gurbin da bukukuwan al'adu. An fara bikin fasaha na ƙasa baki ɗaya cikin 1970, bayan yaƙin basasa. Cikin 1977 aka yi babban bikin baƙar fata na duniya a Ikko, aka yi hawan dabarsa a Kaduna. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan cikin 1934, shi ma ya zama matattarar makaɗa. Waɗannan bukukuwa sun yi amfani, domin sun kai kiɗan Hausa kunnen waɗanda ba su taɓa jinsa ba. Amma sun zo da wani sabon abu, watau takardar jerin masu wasa, wadda ma'aikaci ke rubutawa a ofis. A kan ba kowace ƙungiya 'yan mintoci, a jera ta gaban manyan baƙi, da babban baƙo ya duba agogo sai a ɗaga mata hannu. Gangar noma ba a yi ta don haka ba. Ba ta da armashi sai akwai manomin da za ta kira da takensa ya amsa. In aka raba ta da shi, aka sa mabuganta anko aka ce su yi minti biyar, abin da ya rage ƙara ce kawai, mai kallo kuwa ya tashi da zaton iyakar abin ke nan.

Lambobin yabo su ma haka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa cikin 1988, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba shi lambar MON, kamar yadda ta ba Ɗan Maraya. Sun cancanta, ba mai musu. Sai dai waɗannan lambobi ba su gano kowa ba. Sun zo ne bayan 'yan kasuwa da direbobi da matan aure sun gama yanke hukuncinsu da shekaru masu yawa. Lambar da za ta yi wa kiɗa amfani ita ce wadda za ta sami mutum tun yana share fage, ta ce wa jama'a su saurare shi.

Mawaƙan zamani, masu shiga situdiyo su rera a kan kiɗan fiyano, yawancinsu su ma ba su da ubangida sa'ad da su ke farawa. Yaro ya kan tara kuɗin aikin gini ko na acaɓa ya biya a ɗaukar masa waƙa guda, ya saka ta a waya yana fatan ta bazu. Cikinsu akwai masu azanci na gaske, waɗanda su ke zama su tsara baiti da ƙafiya yadda marubutan waƙa ke yi, zalunci ne a yi musu kuɗin goro a ce duk ba su iya ba. Fada ma ta karɓe su, gama cikin 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na 2 ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙarsa. Inda gyara ya ke shi ne wajen wasa a gaban jama'a. Sau da yawa a kan saka waƙar da aka riga aka ɗauka ne a na'ura, mawaƙi ya riƙe abin magana yana bin ta da baki. In wuta ta ɗauke, waƙa ta ɗauke. Ba baƙon da za a saka cikin baiti, ba amshin da zai matsa wa mai waƙa, don haka ma'aunin farko na fage, wanda ya fi sauran wuya, an ajiye shi gefe.

Bukukuwan ba da kyauta na mawaƙan zamani kuwa, a manyan otal na birni a ke yin su. Inda aka ce jama'a su zaɓa ta saƙon waya, wanda ya fi magoya baya masu kuɗin kati shi ke ci, watau mai karin nan na fagen kalankuwa ya dawo ta wata ƙofa, sai dai yanzu ba sanƙiran da zai faɗi sunansa kowa ya ji. In an tuna da makaɗan gargajiya, a kan haɗa su a rukuni guda, mai kotso da mai gurmi da mai kalangu, alhali kuwa ba a gwada doki da raƙumi a tsere ɗaya. Ga kuma shekarar zaɓe, lokacin da mawaƙi mai zaman kansa ya kan sami ubangida na 'yan watanni. Makaɗin fada na dā ya san sarkinsa da kakannin sarkinsa, yabonsa tarihi ne. Waƙar ɗan takara kuwa ta kan mutu ranar da aka faɗi sakamako.

Maƙwabta a Jamhuriyar Nijar sun gwada wata hanya. Cikin 1987 suka kafa gasar kiɗa ta ƙasa da sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, inda ƙungiyoyi daga jihohi ke zuwa su yi wasa da hannunsu da bakinsu a gaban alkalan gasa da jama'a. Ba lalle a kwafi tsarinsu duka ba, amma ƙananan hukumomi huɗu kamar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba su rasa ƙarfin shirya irin wannan sau ɗaya a shekara bayan kaka. A yi shi da rana, da sanin hakimai da malamai, mata da wurinsu maza da nasu, don a kauce wa abin da ya jawo wa kalankuwa suka. A hana saka waƙar na'ura. A ware wa kowane irin kiɗa rukuninsa, a ba mai gangar noma lokaci isasshe, a kuma gayyato manoman da ya san takensu. Alkalan gasa su haɗa da tsofaffin makaɗa da 'yan amshin da suka yi shekaru a bayan wani, domin su ne ke jin inda kiɗa ya karye tun kafin sauran mutane su ji. Kyautar kuma kada ta tsaya ga allon katako da za a rataye a zaure. A ɗauki waƙoƙin wanda ya ci a ajiye, a sa su a rediyo, a kuma ba shi abin da zai sayi fatar akuya ya sake wa gangunansa rufi kafin wata kakar.