Akwatin da Ya Ari Fatar Mahogani

Tsakanin 1800 da 1850, kafintocin ƙauyukan arewa maso gabashin Amurka sun ƙera akwatunan ajiye barguna da farin katako mai araha, sa'an nan suka lulluɓe su da fenti don su yi kama da mahogani, wato ɗan'uwan maɗacin ƙasar Hausa, wanda sai attajiran birni ke iya saye. Saboda haka aka daɗe ana yi wa wannan aiki kallon jabu.

Hukuncin nan bai dubi yadda ake aikin ba. Mai fenti yakan fara shimfiɗa launin rawaya ko ja, ya bari ya bushe. Daga nan ya shafa launi mai duhu da aka dama da binegar, kafin ya sha iska ya bi shi da mataji, ko gashin tsuntsu, ko totuwar masara, ko yatsunsa. Wasu ma hayaƙin kyandir suke gilmawa a kan ɗanyen fenti. Binegar ba ya jiran kowa. Hannu ne ke yanke shawara kafin ido ya gama dubawa. Shi ya sa akwatunan da aka yi a yankin Shaftsbury na jihar Vermont a shekarun 1820 suka fito da zane mai murɗewa kamar guguwa, wanda babu itacen da ya taɓa tsirowa da shi. Wa wannan zai ruɗa? Manomin da ya saya ya san abin da ya saya. An fara da kwaikwayo, aka ɓuge da ƙirƙira, kuma akwatunan da suka fi nisa da mahogani su ne suka fi kyau.

Masu tara kayan tarihi na farkon ƙarni na 20 ba su ga haka ba. Da yawansu sun kankare fentin don su fito da katakon "asali", suka goge aikin, suka bar allo. Littafin Dean Fales, American Painted Furniture 1660-1880, da ya fito a 1972, yana cikin abubuwan da suka juya ra'ayi.

Sai dai gyaran ya zo da tasa cutar. Dillalai sun koma cinikin tsufan fenti, tsagewarsa da dauɗarsa, har akwati mai raunin zane yakan yi daraja don kawai ba a taɓa shi ba. Wanda ya riƙe totuwar kuwa, galibi ko sunansa bai rubuta a cikin murfin ba.