Manhajojin Zana Taswirar Dangantaka: Tsokaci a Kan Gephi da Palladio da Kumu

Gabatarwa

Zana dangantakar mutane da ɗigo da layi ya girmi kwamfuta. Tun a 1934 Jacob Moreno ya yi amfani da wannan dabara a Amurka, watau kowane mutum ɗigo ne, kowace alaƙa kuma layi ce. A yau manhajoji ne ke yin aikin. Wannan maƙala za ta auna guda uku daga cikinsu da ma'auni ɗaya: shin za su iya ɗaukar silsilar malaman Daular Sakkwato ba tare da sun karkatar da ita ba?

Manhajojin

Gephi ta ɓullo a Faransa a 2008, kuma kyauta ce. Asalinta a kan kwamfuta ake girka ta, sai daga baya aka fitar da 'yar ƙaramarta mai aiki ta intanet. Ƙarfinta lissafi ne: tana ƙidaya alaƙoƙin kowane ɗigo, tana kuma gano wanda ya zama gada tsakanin rukunoni. Sai dai koyonta yana cin lokaci.

Palladio kuwa daga Jami'ar Stanford take, ta samo tushe daga binciken wasiƙun masanan Turai na ƙarni na 17 da na 18. Tana haɗa dangantaka da taswirar ƙasa da jerin shekaru, amma lissafinta kaɗan ne. Ba ta adana aiki da kanta, dole mai bincike ya sauke shi kafin ya rufe shafin.

Ita kuma Kumu ta fi su sauƙin sarrafawa da kyawun zane, tana ma iya nuna yadda sababi da sakamako suke zagayawa. Aibinta shi ne aikin da aka yi kyauta a buɗe yake ga kowa, sirrantawa sai da kuɗi. Wannan babban lamari ne ga wanda ya tattaro bayani daga bakin mutane bisa amana.

Gwaji da Silsilar Malamai

Matsala ta farko ita ce ta suna. Idan aka rubuta Shehu, da Usman ɗan Fodiyo, da Usmanu bin Fodiye, manhaja za ta ɗauke su mutum uku. Haka nan Ɗan da Dan daban suke a wurinta. Tace sunaye aikin ɗan Adam ne.

Ta biyu ita ce ta nau'in alaƙa. Abdullahi ɗan Fodiyo ƙanen Shehu ne, almajirinsa ne, kuma dukkansu sun yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umar. Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ɗan Shehu ne, ya kuma yi karatu wurin baffansa Abdullahi. Layi ɗaya ba ya bambanta jini da ijaza. Gephi da Kumu suna yarda a yi wa layi laƙabi, amma lissafin muhimmanci yakan haɗa su wuri guda in ba a ware su ba.

Ta uku ta fi nauyi. Manhaja ba ta san komai ba sai abin da aka ba ta. Duk taswirar da aka gina a kan Ida'un Nusukhi, inda Abdullahi ya lissafa malamansa, dole ta sa shi a tsakiya, domin shi ne mai riƙe da alƙalami. Nana Asma'u (1793–1864) kuwa ta tsara karatun 'Yan Taru ta hannun jajoji, amma mafi yawan matan da suka yi karatun ba a rubuta sunayensu ba. Taswira za ta nuna wannan sashe fayau, mai kallo ya zaci ba kowa a wurin. Bugu da ƙari, kusancin ɗigo biyu a allo sakamakon lissafin shimfiɗa ne, in aka sauya tsarin sai ya sauya.

Kammalawa

Palladio ta dace da leƙen farko, Gephi da awo mai zurfi, Kumu kuma da koyarwa a aji. Babu wadda ta isa hujja ita kaɗai. Ya kamata kowane ɗalibi da ya sa irin wannan taswira a kundin digirinsa ya bayyana madogarar kowane layi, da irin alaƙar da yake wakilta, da mutanen da madogarar ta yi shiru a kansu. Kwamitin jarrabawa kuma ya nemi ganin teburin bayanan kafin ya yaba zanen.