4.3 Babban Baƙi a Matsayin Hanyar Bambanta Sunaye Masu Kama da Juna a Kundin Wikipedia

A sashen da ya gabata an nuna yadda kundin sani na Wikipedia, wanda aka buɗe a intanet ranar 15 ga Janairu, 2001, yake bai wa kowace maƙala take guda ɗaya wanda wata ba za ta yi tarayya da ita a cikinsa ba. A wannan sashe za a duba wata hanya da masu gyara kundin na Ingilishi suke bi idan sunaye biyu suka yi karo, wato dogaro da babban baƙi da ƙaramin baƙi kawai, domin a ga ko wannan hanya tana biya wa mai karatu buƙata.

Da farko ya kamata a san cewa manhajar MediaWiki, wadda kundin yake tafiya a kanta, tana mayar da baƙin farko na kowane take ya zama babba ko da marubuci bai so ba. Shi ya sa sunaye irin su iPhone da eBay sai an yi musu wata dabara kafin su fito da ƙaramin baƙi a kan shafi. Amma daga baƙi na biyu zuwa ƙarshen take, manhajar tana ɗaukar babba da ƙarami a matsayin abubuwa biyu daban. Ta wannan kafa ce aka sami maƙala mai taken "Iron maiden", wadda take bayani a kan wani akwatin ƙarfe mai ƙusoshi da ake cewa an azabtar da mutane da shi a Turai, da kuma "Iron Maiden", ƙungiyar mawaƙan da Steve Harris ya kafa a Landan a 1975. Haka kuma "Ice cube" ƙanƙarar da ake jefawa a abin sha ce, "Ice Cube" kuwa mawaƙin Amurka ne da aka haifa a 1969.

Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi. A ƙa'idar rubutun Ingilishi, kamar yadda yake a ta Hausar boko, sunan yanka yana farawa da babban baƙi, suna gama-gari kuwa ba ya buƙatarsa. Saboda haka wanda ya ɓata lokaci ya rubuta kalma ta biyu da babban baƙi, alama ce ta cewa mawaƙin yake nema. Take ya taƙaita ke nan, kuma ba a cika shi da ƙarin bayani a cikin baka ba.

Sai dai a ganin mai wannan nazari hujjar ta tsaya ne a kan mai karatu irin wanda ba shi da yawa. Galibin masu bincike a intanet, musamman a wayar hannu, ba su damu da babban baƙi ba. Wanda ya rubuta sunan mawaƙan Landan ɗin da ƙananan baƙaƙe, akwatin azaba zai tarar a gabansa. Abin da yake cetonsa shi ne ɗan layin da ake sawa a saman maƙalar, wanda yake nuna masa inda ɗaya ma'anar take. Idan kuwa haka ne, to wannan layi shi ne yake yin aikin bambantawa ga ɗan Adam, babban baƙin kuwa na'ura ya yi wa aiki. Lamarin ya fi tsanani ga makaho mai amfani da manhajar da take karanta masa rubutu, domin a kunne taken biyu ɗaya ne.

Matsalar ta ƙara fitowa fili idan aka zo kan babban baƙin da ya saɓa wa ƙa'ida, irin wanda kamfani ko mawaƙi yake ƙirƙira don ado. Ƙungiyar Kiss, wadda aka kafa a New York a 1973, tana rubuta sunanta da manyan baƙaƙe huɗu, amma kundin bai karɓi wannan salo ba. Ya rubuta sunan bisa ƙa'ida, sannan ya ƙara kalmar da take nufin ƙungiyar mawaƙa a cikin baka domin raba shi da kalmar da take nufin sumba. Amma kumbon MAVEN, wanda hukumar NASA ta harba zuwa duniyar Mars a 2013, an bar shi da manyan baƙaƙensa ba tare da wani ƙari ba. Mai karatu zai iya cewa an yi son kai, alhali kuwa akwai dalili. MAVEN taƙaitawa ce ta dogon suna, kuma galibin masu rubutu a kansa haka suke rubuta shi, KISS kuwa kwalliya ce da jaridu da littattafai suke ɗauka ko su bari. Wannan ya nuna cewa su kansu masu gyaran ba su amince da babban baƙi shi kaɗai ba, sai idan al'adar marubuta ta riga ta tabbatar da shi. A nan mai nazari yana ganin sun yi daidai, domin take da aka gina a kan kwalliya zai rushe ranar da mai shi ya sauya kwalliyar.

Wani abin lura shi ne hanyar ba ta tsallaka iyakar harsuna. Rubutun Larabci ba shi da babba da ƙarami, Jamusanci kuwa kowane suna da babban baƙi yake farawa. Ko a kundin na Hausa, tun da baƙin farko dole ya zama babba, garin Kura na Jihar Kano da dabbar dawa kura za su fito da siga ɗaya, kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali balle su taimaka. A irin wannan hali dole sai an ƙara kalma a cikin baka, kamar gari ko dabba, kafin a raba su.